Habasha: Shekararta Nawa, Kuma Daga Ina Ake Fara Ƙirge?

Ranar 1 ga Oktoba ta Najeriya ce, 3 ga Agusta ta Nijar, 6 ga Maris ta Ghana. Kusan kowace ƙasa a Afirka tana da irin wannan rana da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tata, kuma daga nan ake ƙirga mata shekaru, kamar yadda ake ƙirga na yaro daga ranar suna. Habasha ba ta da irin wannan rana. Tana bikin nasarar yaƙin Adwa a farkon watan Maris, tana tunawa da 5 ga Mayu, ranar da Sarki Haile Selassie ya koma Adis Ababa bayan an kori Italiya, amma babu ranar samun 'yancin kai a kalandarta. Idan ka tambayi shekarunta, amsar da aka fi ji a bakin manyan ƙasar da masu yi wa baƙi jagora ita ce 3000.

Na zaɓi Habasha don nazarin wannan tambaya saboda duk ma'aunin da ake auna tsufan ƙasa da shi ana samunsa a cikinta, kuma kowanne amsarsa daban. Gadon sarauta yana ba da lissafi ɗaya, rubutu da addini suna ba da wani, iyakoki suna ba da na uku. Tazarar da ke tsakanin lissafin farko da na ƙarshe ta kusa shekara 3000, kuma an zubar da jini mai yawa a kan wanne za a ɗauka.

Inda 3000 ta samo asali

Lissafin yana farawa ne daga Annabi Sulaiman (AS) da sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilkisu, su kuma suke kira Makeda. Alƙur'ani ya kawo labarin zuwanta a cikin Suratun Namli, bai ambaci sunanta ba, bai kuma ce ta haifa masa ɗa ba. Ruwayar Kiristocin Habasha ta ci gaba daga nan. Ta ce sarauniyar ta koma gida da ciki, ta haifi Menelik na Ɗaya, da ya girma ya ziyarci mahaifinsa a Ƙudus, ya dawo da akwatin alkawari na Bani Isra'ila. Har yau cocin ƙasar tana cewa akwatin yana garin Aksum, a hannun mai tsaro guda ɗaya, kuma kowace coci tana ajiye kwatancinsa da suke kira tabot.

Littafin da ya tsara wannan labari, Kebra Nagast, wato Ɗaukakar Sarakuna, an haɗa shi ne da harshen Ge'ez a farkon ƙarni na 14, fiye da shekara 2000 bayan zamanin Annabi Sulaiman. Lokacin da ya bayyana shi ne abin lura. A 1270 wani basarake mai suna Yekuno Amlak ya ƙwace mulki daga gidan Zagwe, mutanen Agaw, waɗanda suka sassaƙa coci 11 daga cikin dutse a Lalibela. Wanda ya karɓi sarauta da takobi yana bukatar hujjar da ta fi takobi daɗewa. Sai aka ce Yekuno Amlak jikan sarakunan Aksum ne, su kuma jikokin Sulaiman ne, saboda haka Zagwe su ne 'yan ƙwace, shi kuwa kayan gidansu ya karɓo. Duk wanda ya san yadda gidajen sarauta suke jan salsalarsu zuwa gabas ba zai yi mamakin wannan ba.

Abin da ya bambanta Habasha shi ne labarin bai tsaya a bakin maroƙa da 'yan fada ba, ya shiga doka. Kundin tsarin mulkin 1931, da wanda aka sabunta a 1955, sun rubuta cewa sarautar Haile Selassie ta gangaro ne babu yankewa daga Menelik na Ɗaya, ɗan sarauniyar Saba da Sarki Sulaiman na Ƙudus. Ana ƙirga shi sarki na 225 a wannan jeri. A lokacin ƙasa ce da ke zaune a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da jiragen sama da jami'a, amma tushen halascin gwamnatinta a rubuce shi ne wannan salsala.

Abin da ƙasa da duwatsu suka shaida

Ko an ajiye ruwayar gefe, tsufan yankin ba abin musu ba ne. A Yeha, a yankin Tigray da ke arewacin ƙasar, akwai wani ginin bauta na sassaƙaƙƙen dutse da aka yi kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yanzu bangonsa na tsaye. Daga ƙarni na 1 daular Aksum ta bunƙasa da cinikin hauren giwa da zinariya ta Bahar Maliya. Wajen shekara ta 270 ta fara buga kuɗinta na zinariya da azurfa da tagulla. A tsakiyar ƙarni na 4 Sarki Ezana ya karɓi addinin Kirista, aka ga gicciye ya maye gurbin alamar wata da rana a jikin kuɗinsa. Wajen 525 Sarki Kaleb ya ƙetare teku ya ci Yaman da yaƙi, kuma daga cikin rundunar da ya bari a can ne Abraha ya fito, mai giwayen nan da kowane ɗan makarantar allo ya san ƙarshensa.

Wannan Aksum ɗin ita ce Habashar da muka sani a Sira. Can sahabbai suka yi hijira ta farko wajen 615, can Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a gaban Najashi, kuma wannan Najashin ne Manzon Allah (SAW) ya yi wa sallar gawa daga Madina. Ƙauyen Negash da ke Tigray yana riƙe da sunansa da masallacin da ake jingina masa. Saboda haka Bahaushe ba ya jin Habasha a matsayin sabuwar ƙasa, tun yana yaro yake jin sunanta a bakin malamai.

To, me ya haɗa waccan daula da ƙasar da ke da hedkwata a Adis Ababa yau? Igiya mafi ƙarfi da na gani ita ce rubutu da coci. Baƙaƙen Ge'ez da aka rubuta a duwatsun Ezana su ne ake rubuta Amharik da Tigrinya da su a yanzu, a jarida da allon shago da wayar hannu. Harshen Ge'ez ya daina zama na hira tun da daɗewa, amma limaman coci suna addu'a da shi kowace safiya. Kalandarsu mai wata 13 ita ce gwamnati ke aiki da ita, shi ya sa suka yi bikin cikar shekara ta 2000 a watan Satumban 2007. Wannan ɗorewa ce ta gaske, ta kimanin shekara 1700, kuma kaɗan ne a duniya suke da irinta.

Sai dai igiyar tana da ƙulle-ƙulle. Tun daga Frumentiyus, babban limamin farko da aka naɗa a Iskandariyya a zamanin Ezana, shugaban cocin Habasha daga Masar ake aiko shi. Bamisire ne yake shafa wa sarkin Habasha man sarauta. Sai a 1959 cocin ta sami cikakken ikon naɗa shugabanta. Haka kuma Adulis, tashar jiragen ruwan da ta ciyar da Aksum, tana cikin Eritiriya ne a yau, kuma 'yan Eritiriya na tsaunuka da baƙaƙen Ge'ez suke rubutu, da harshen suke addu'a. Idan rubutu da coci ne ma'auni, Eritiriya da aka haifa a 1993 sa'ar Habasha ce.

Gadon sarautar kuwa ya sha yankewa. A ƙarni na 7 Aksum ta daina buga kuɗi, ta yi sanyi, aka shafe ƙarnuka ba a bar rubutaccen tarihi mai yawa ba. Bayan 1270 sarakuna sun daɗe ba su da birni, suna yawo da fadarsu cikin tantuna, har Fasiladas ya kafa Gondar a 1636. Tsakanin 1529 da 1543 Imam Ahmad ɗan Ibrahim na daular Adal, wanda suke kira Gran, wato bahago, ya mamaye mafi yawan tsaunukan, sai da taimakon 'yan bindigar Fotugal aka kashe shi a Wayna Daga. Daga 1769 zuwa 1855, lokacin da suke kira Zemene Mesafint, sarki yana Gondar da suna kawai, iko yana hannun manyan hakimai, kuma waɗanda suka fi daɗewa da shi 'yan gidan Yejju ne masu asalin Oromo. Abin da bai mutu ba a duk wannan shi ne tunanin cewa akwai kujera guda ta sarkin sarakuna, kuma duk wanda ya yi ƙarfi ita yake nema. Tewodros a 1855, Yohannes na Tigray a 1872, Menelik na Biyu na Shewa a 1889, gidajensu daban-daban ne, kowanne da bindiga ya hau, kowanne kuma sai da ya nemo wa kansa hanyar da ta kai ga Sulaiman.

Taswirar da Menelik ya zana

A nan ne lamarin yake da nauyi, kuma a nan nake ganin masu cewa 3000 suke saurin wucewa. Ɗauki taswirar Habasha ta yau, ka rufe tsaunukan arewa da tsakiya da tafin hannunka. Abin da ya rage, wanda ya fi rabin ƙasar, ya shigo ne a ƙarshen ƙarni na 19, a daidai shekarun da Turawa suke rabon Afirka.

Harar birni ne na Musulmi mai ganuwa, da sarakunansa da kuɗinsa da harshensa da malamansa. A Janairun 1887 Menelik ya ci Sarki Abdullahi a yaƙin Chelenko, ya shiga birnin. Oromon Arsi sun yi shekaru suna turjiya kafin a karya su a 1886, kuma har yau suna ba da labarin yanke hannaye da aka yi a Anole, inda aka gina abin tunawa a 2014. Wolaita ta faɗi a 1894, aka kama Sarki Tona. Kaffa ta faɗi a 1897, aka kawo Sarki Gaki Sherocho cikin sarƙa. Abba Jifar na Jimma ya duba abin da ya sami maƙwabtansa, ya zaɓi biyan haraji, ya tsira da sarautarsa har mutuwarsa a 1932, daga nan aka haɗiye masarautar. Ita kanta Adis Ababa an kafa ta ne a 1886, a wurin da Oromo suke kira Finfinne, kuma ba su daina kiranta haka ba. Lagos da Kano da Zinder duk sun girme ta nesa ba kusa ba.

A yankunan da aka ci, an zaunar da sojoji da iyalansu, aka raba musu gonaki tare da manoman da ke kansu. Sojan shi ne neftenya, mai bindiga. Manomin shi ne gabbar, mai biya, wanda zai noma wa maigida, ya yi masa itace, matarsa ta yi masa niƙa. Kalmar neftenya tana nan da rai a siyasar ƙasar, wani yana jin ta zagi, wani yana jin ta kirari.

Yadda Menelik ya bayyana wannan aiki shi ne ya fi jan hankalina. A wasiƙar da ya aika wa sarakunan Turai a 1891 ya ce ƙasarsa ta yi ƙarni 14 tana tsibirin Kiristanci, kuma idan Allah ya ba shi rai zai maido da tsofaffin iyakokinta har Khartoum da tafkin Nyanza. Ƙarni 14 ya ƙirga, wato daga zamanin Aksum ta Kirista. Sa'annan bai kira abin da yake yi ci da yaƙi ba, ya kira shi maidowa. Tsufan ƙasa a nan ya zama takardar mallakar fili. Yekuno Amlak ya yi amfani da shi a kan Zagwe, Menelik ya yi amfani da shi a kan kudu da kuma gaban Turawa.

Kuma dole a faɗi gaskiya, dabarar ta ceci ƙasar. Italiya ta ɗauki sashe na 17 na yarjejeniyar Wuchale ta 1889, wanda lafazinsa na Italiyanci ya saɓa da na Amharik, ta ce Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyarta. Ranar 1 ga Maris 1896 aka haɗu a Adwa, aka karya rundunar Italiya, kuma cikin mayaƙan Menelik akwai mahayan Oromo da mutanen yankunan da bai daɗe da ci ba. Bayan nan Turawa suka zo da kansu suna neman a shata iyaka: Faransa da Birtaniya a 1897, Italiya a 1900 da 1902 da 1908, Birtaniya ta ɓangaren Sudan a 1902 da ta ɓangaren Kenya a 1907. Idan iyaka ce ma'auni, Habasha sa'ar Najeriya ce ta Lugga, ba ta girme ta da komai ba sai 'yan shekaru. Bambancin shi ne a teburin da aka zana tata akwai sarki baƙar fata yana sa hannu.

Mu ma da sunan da muke kiranta mun shiga gardamar ba tare da mun sani ba. Habasha tsohuwar kalma ce, tana cikin rubutun Ezana, inda kwafin Girkanci ya sa Itiyopiya a gurbinta. Amma a cikin ƙasar a yau Habesha ya fi nufin Amhara da Tigray da 'yan uwansu na Eritiriya. Da yawa daga Oromo da Somali da Afar ba sa amsa shi. Ƙidayar 2007 ta nuna Oromo kashi 34 da ɗoriya cikin ɗari, Amhara kusan 27, Somali da Tigray kowanne kusan 6. Mabiya cocin Otodoks kashi 43 da rabi ne, Musulmi kusan 34. Ke nan fiye da rabin jama'ar ba sa cikin cocin da ake ɗaure tsufan ƙasar da ita. Yadda kujerar sarki ta ɗauki wannan lamari ya bayyana a 1916, lokacin da aka tuɓe Lij Iyasu, jikan Menelik, wanda mahaifinsa aka haifa Musulmi da suna Muhammad Ali, bisa zargin ya karkata ga Musulunci.

Shekara biyar da kotun Landan

Gwajin da ya fi kowanne tsanani ya zo ne a Oktoban 1935, da Musolini ya auka wa ƙasar da jiragen sama da iskar guba. Ranar 5 ga Mayu 1936 sojojinsa suka shiga Adis Ababa. Haile Selassie ya fita, ya yi jawabinsa a Janiba gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Habasha ta shiga tun 1923, sa'annan ya zauna a garin Bath na Ingila. Aka naɗa sarkin Italiya sarkin Habasha, aka haɗe ƙasar da Eritiriya da Somaliya a mulki ɗaya. Shin ƙasar ta mutu ke nan?

Wata shari'ar bashi ta tilasta wa alƙalai amsa wannan tambaya. Kamfanin sadarwa na Cable and Wireless yana riƙe da wasu kuɗi na gwamnatin Habasha, na aikin aika saƙonni tsakanin Adis Ababa da Birtaniya. Kamfanin bai musa bashin ba, tambayarsa ita ce wa zai ba, tunda Italiya ma ta ce nata ne. Haile Selassie ya kai ƙara a Landan. A 1938 alƙali ya ba shi gaskiya, domin har lokacin Birtaniya shi ta sani a matsayin halattaccen sarki, ko da yake ta san iko a ƙasa yana hannun Italiya. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Kafin a yanke, a watan Nuwamban shekarar, gwamnatin Birtaniya ta amince da sarkin Italiya a matsayin sarkin Habasha. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce haƙƙin kuɗin ya koma wurin Italiya. Babu abin da ya sauya a Gondar ko Harar tsakanin hukuncin farko da na biyu. Takarda ce aka sa wa hannu a Turai, sai ƙasar da ake ce wa mai shekara 3000 ta wayi gari ba ta da bakin karɓar bashinta a kotu.

Wannan shari'a tana ba ni haushi duk lokacin da na tuna ta, amma tana koyar da abin da ba a son faɗa: rabin rayuwar ƙasa yana hannun wasu ƙasashe. Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su taɓa amincewa da mamayar ba. A cikin gida kuma arbenyoch, 'yan kishin ƙasa da suka shiga daji, ba su bar Italiya ta mallaki karkara ba, duk da kisan gillar da aka yi a Adis Ababa a Fabrairun 1937 bayan yunƙurin kashe Graziani, gwamnan da Italiya ta naɗa wa ƙasar. Da yaƙin duniya ya juya, Birtaniyar da ta sallama ƙasar ita ce ta kawo runduna. A cikinta akwai birged ɗin sojojin Najeriya, rundunar da Hausa ce harshen aikinta, waɗanda suka taso daga Mogadishu suka keta Ogaden suka isa Harar a Maris 1941. Sarki ya koma fadarsa ranar 5 ga Mayu, shekara biyar cif da faɗuwarta. Ba a ce an kafa sabuwar ƙasa ba. A 1945 Habasha ta sa hannu cikin waɗanda suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, a yarjejeniyar Faris ta 1947 kuma aka ɗora wa Italiya diyyar dala miliyan 25. Dogon dutsen Aksum mai tsawon mita 24 da aka kwashe zuwa Rum a 1937, sai a 2005 ya dawo.

Sarauta ta mutu, ƙasa ta ci gaba

Abin da Italiya ta kasa, 'ya'yan ƙasar suka yi. A 1969 wani ɗalibin jami'a, Wallelign Mekonnen, ya rubuta maƙalar da ta ce abin da ake kira al'adar Habasha ta Amhara da Tigray ce aka ɗora wa sauran. Ranar 12 ga Satumba 1974 sojojin kwamitin da ake kira Derg suka tuɓe Haile Selassie. A Maris 1975 aka soke sarautar, aka ƙwace filayen noma daga hannun masu gidaje, tsarin gabbar ya ƙare. Gadon da kundin tsarin mulki ya ce bai taɓa yankewa ba ya yanke, kuma babu wata ƙasa da ta ce Habasha ta daina wanzuwa. A Mayun 1991 Mengistu, wanda ya jagoranci mulkin sojan, ya gudu Zimbabuwe, 'yan tawaye suka shiga babban birni. A 1993 Eritiriya ta yi ƙuri'ar raba gardama ta fice da duk gaɓar teku. Eritiriya ce ta nemi sabuwar kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, Habasha ta ci gaba da zama a kan tata ta 1945. Bashin makaman da Mengistu ya ciwo daga Sobiyet ya hau kan waɗanda suka kore shi, sai daga baya Rasha, wadda ita ma gadon bashin ta yi, ta yafe mafi yawansa.

Kundin 1995 ya juya tsohon labarin gaba ɗaya. Bai fara da Sulaiman ba, ya fara da al'ummomi da ƙabilun ƙasar a matsayin masu ƙulla zama tare. Ya raba addini da gwamnati. Sashe na 39 ya ba kowace al'umma damar ficewa. A idon wannan kundi ƙasar yarjejeniya ce da aka ƙulla jiya. Masu kishin tsohon tarihi suna ganin wannan rushe gida ne, masu kishin yankunansu suna ganin shi ne karo na farko da aka tambaye su. Yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022, wanda ya taɓa Aksum da masallacin Negash duka biyu, da rikicin Oromiya da na Amhara, duk suna da wannan saɓani a gindinsu.

Gado da bashinsa

Ga inda na tsaya. Shekara 3000 ruwaya ce mai daraja ga masu ita, amma ba ta kai hujja ba. Shekara 1700 gaskiya ce ga rubutu da coci da suna, a tsaunukan arewa, kuma Eritiriya tana da rabo a ciki. Hukumar da ke sa hannu da sunan ƙasar a gaban duniya, wadda ta tsallake 1936 da 1974 da 1991 ba ta mutu ba, ta ginu ne tsakanin Tewodros da Menelik. Ita nake ɗauka a matsayin ƙasar, kuma hanyar gane ta ita ce a duba wanda ake bi bashin magabata. A rabon gado ba a taɓa dukiya sai an biya bashin mamaci, kuma a ganina haka ya kamata a yi wa duk ƙasar da ke alfahari da tsufa.

Habasha ta ɗanɗani wannan fiye da sau ɗaya. Bayan yaƙin 1998 zuwa 2000, hukumar da ta shata iyakarta da Eritiriya a 2002 ta koma ga yarjejeniyoyin Menelik da Italiya na 1900 da 1902 da 1908, ta ba Eritiriya garin Badme. Gwamnatin da ta hau mulki da sukar Menelik ta tarar sa hannunsa ya ɗaure ta, ta yi shekara 16 tana jan ƙafa kafin Firaminista Abiy Ahmed ya ce ya karɓa a 2018. Shi kuma Abiy, da ya tayar da maganar mafita zuwa Bahar Maliya a 2023, tsohon tarihin ƙasar da teku ya jawo hujja, abin da ya sa gwamnatin Eritiriya ta tashi tsaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ce shi ne magajin Aksum da Adwa, shi ne kuma magajin Chelenko da Anole. Mutumin Harar da na Wolaita suna da haƙƙin su ji hukuma ta amsa wannan da bakinta, kamar yadda take amsa kirarin Adwa kowace shekara.

Bashin da ya fi zafi a yanzu yana cikin yarjejeniyar 15 ga Mayu 1902 tsakanin Menelik da Birtaniya. Sashe na 3 ya ce sarki ba zai gina abin da zai tsare ruwan Shuɗin Nilu da tafkin Tana da kogin Sobat ba sai da yardar Birtaniya da gwamnatin Sudan. Tun da aka aza harsashin babbar madatsar ruwa a kan Shuɗin Nilu a 2011, Masar da Sudan suke ɗaga wannan takarda. Habasha tana cewa lafazin Amharik tsare ruwa gaba ɗaya ya hana, bai hana amfani da shi ba, kuma ba za a ɗaure mutum fiye da miliyan 100 da alkawarin zamanin mulkin mallaka ba. Ina ganin tana da hujja mai ƙarfi a kan ruwan da mafi yawansa daga tsaunukanta yake gangarowa. Amma takardar nan ɗaya ita ce ta shata iyakarta da Sudan, kuma yankin Benishangul, inda madatsar take zaune, da wannan yarjejeniya ce aka tabbatar mata da shi.